Ɗakin sauraren masu juna biyu a asibitin da na yi awo

A asibitin da na yi awon cikina na biyu akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, inda ake zama da masu juna biyu a ji halin da zuciyarsu take ciki. Da farko an miƙo mini takardar tambayoyi goma ta auna ciwon damuwa, wadda ake kira ma'aunin Edinburgh, aka kuma fitar a 1987, mai tambaya kan barci, kuka, fargaba da tunanin cutar da kai a cikin kwana bakwai da suka wuce. Takardar tana da amfani, sai dai ba ta wuce mako guda, ba kuma ta san abin da ya sami mace tun tana yarinya ba.

Ungozomar da ke ɗakin ce ta cike wannan giɓi. Ta rufe ƙofa, ta ajiye biro, ta ce: "'Yar'uwa, akwai wanda ya taɓa cutar da ke, a yarinta ko bayan aure? Ba dole ki amsa yau ba." Sai a zuwa na uku bakina ya buɗe. Ta bayyana mini cewa matan da aka taɓa cin zarafinsu, da duka, da fyaɗe ko da wulaƙanci, sun fi fuskantar ciwon damuwa lokacin goyon ciki da jego, domin gwajin jiki, zafin naƙuda da rashin barci sukan fama tsohon mikin da aka ɗauka ya warke. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗora hannu a jikina ba sai ta faɗi abin da za ta yi, ta kuma jira na yarda, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa a yaba wa sashen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafin jima'i, saboda haka bai kamata a ce wannan tambaya a ɗaki ɗaya kawai ake yin ta ba.

Inda suka gaza shi ne bayan haihuwa. Ƙuncin kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu, nawa kuwa ya zarce, babu wanda ya neme ni. Da na koma a mako na shida, wata ma'aikaciya daban na tarar, wadda ba ta karanta katina ba, dole na sake ba da labarin tun daga farko, jariri yana kuka a cinyata, ƙofa kuma a buɗe.