Hoton kifin koi: Nikon ta hannu ko sabuwa 'yar aljihu?

Alhaji, ka tambaye ni wace kamara za ka saya don hoton koi, kifin adon nan mai launi da ake kiwo a kwami. Ɗauki Nikon D3300 ɗin nan ta hannu, ka bar musu sabuwar 'yar aljihun mai dogon zum a shago. Irinta nake riƙe da ita a nan unguwar Madina ta Accra, da ita nake ɗaukar kifayena. Mai shago zai cika maka kunne da maganar megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. D3300 ɗin tana da 24 kam, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai ɗaukar koi da fuskar ruwa yake faɗa. Ka tsaya bakin kwami kana kallon ja da fari tas da idonka, ka danna, sai hoto ya fito da sararin sama da ganyen mangwaron maƙwabta, kifin kuma can ƙasa dishi-dishi.

Maganin wannan ƙyallin wata 'yar filta ce da ake kira CPL, ana ɗaura ta a bakin gilashin kamara. Kana murza ta a hankali kana leƙe, sai ka ga ƙyallin yana janyewa har kasan kwami ya bayyana. Gilashin 18-55 da ke zuwa da D3300 yana da zaren ɗaura ta. Ka duba bakinsa za ka ga lamba kusa da wata 'yar da'ira mai layi a tsakiya: tsohon samfurin 52 ne, na baya mai rubutun AF-P kuma 55. Da wannan lambar za ka sayi filtar. Yawancin 'yan aljihun nan ba su da zaren ma sam, gilashinsu shigewa ciki yake yi idan an kashe su. To ina za ka ɗaura?

Sai dai filtar tana da halinta. Ta fi aiki idan ka kalli ruwan a karkace, wajen digiri 37 daga fuskarsa, wato kana tsaye ɗan nesa da baki kana hangen kifin. Idan ka sunkuya kai tsaye a kansa, ba ta tsinana komai, sai dai wani ya riƙe maka baƙar lema ya tare sama. Sannan tana cin haske, rabi ko fiye. Ga kifi ba ya tsayawa, dole ka sa saurin ɗauka ya kai 1/500 na daƙiƙa, in ba haka ba wutsiya ta fito a shafe. Haske ya ragu, sauri ya ƙaru, ba makawa sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kamarar, zuwa 800 ko sama. A nan girman sensa, ɗan faifan da ke karɓar haske a cikin kamara, yake magana. Ta D3300 milimita 23.5 ce a 15.6, ta 'yar aljihu kuwa wajen 6 a 4.5, ka ga babbar ta ninka ta fiye da sau goma. Babbar tana shanye ISO 800 ba tare da hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa ba. Ƙaramar kuwa a nan jan kifin yake fara dagulewa.

Akwai wata Kohaku, nau'in koi mai fari da ja, da nake da ita, fara sol da ja uku a gadon baya, mai tsoron mutane ƙwarai. Wata safiya cikin hunturu, hazo ya rufe rana, na dawo daga sallar asuba na zauna da kamarar a kan kujera 'yar tsuguno har gari ya waye sosai. Na kashe injin iska, ruwa ya kwanta. Ta taso daga kusurwa ta miƙo jiki sambal, fiffikenta biyu a buɗe. Na danne maɓalli ban saki ba, kamarar tana ɗaukar biyar a daƙiƙa ɗaya, ɗaya daga ciki ya fito yadda nake so. Na kai aka wanke shi babba, yana rataye a falo. Hajiyarmu da ta zo daga Kumasi ta daɗe tana kallonsa, ta ce kalanda ce na sayo, sai da na ja hannunta zuwa bakin kwami na nuna mata mai hoton tana iyo. Tun daga ranar ta daina cewa ina ɓarnar kuɗi a kan kifin da ba a miya da shi.

'Yar aljihu na taɓa sayen wata. Tana ɗaukar taron suna da hoton Sallah daidai gwargwado, iyakarta ke nan. Kafin ta gama neman kifi ya kai ƙarshen kwami. Zum ɗin da ake yi maka talla kuma na hango tsuntsu ne a kan falwaya, kai da kifinka taku biyu ne tsakaninku.

Ba wai D3300 ba ta da aibi ba. Tun 2014 ta fito, allonta ba ya juyawa, kuma ba ta tura hoto zuwa waya da kanta, sai ka sayi ɗan abin karanta memori. Allon ne ma ya fi damuna, saboda koi daga sama ake kallonsa. Mutanen Niigata a Japan, inda aka fara kiwon masu launin nan, a gadon baya suke duba zane, shi ya sa a gasarsu ake sa kifi cikin shuɗin baho a leƙa shi ta sama. Kai ma ka nemi babbar roba shuɗiya, ka ɗebi ruwan kwamin kansa ka zuba, ka sa kifin a inuwa na 'yan mintoci, kansa yana fuskantarka. Shuɗin yana fito da ja da fari fiye da baƙin siminti. Idan ka ci karo da D5300 kuma bambancin kuɗin bai yi yawa ba, ɗauke ta, allonta na juyawa, bayanka zai huta.

Kada ka kunna filasha, dawo maka da ita ruwa zai yi. Kada ka ɗauka da tsakar rana, ranar Accra a tsakiyar kai take tsayawa, farin Kohaku da Sanke (mai fari da ja da baƙi) ya ƙone ya zama fili babu komai. Ko da safe ma ka rage hasken hoton a saitin kamara zuwa -0.7. Abinci kuma bayan an gama hoto, don da ka watsa shi sai bakuna da kumfa. Injin iskar da na ce na kashe, minti kaɗan ne. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, namu kuwa kullum da ɗumi yake, kada garin neman hoto ka tarar da su a sama suna haki. In ruwan naka ya yi kore da gansakuka, gyara matata tukuna, babu kamarar da ke ganin cikinsa.

Baka tambaya ba, amma zan faɗa: kasuwar kayan hannu cike take da 'yan damfara, a kasuwar Circle ta nan Accra ne ko a intanet. Kada ka tura wa kowa ko sidi ɗaya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin kamarar ta shiga hannunka. Tafi da memorinka. Cire gilashin ka haska shi da tocilan ɗin waya, idan ka ga wani farin zare-zare a ciki, fumfuna ce, danshin bakin teku ke haifar da ita, kuma goge waje ba ya fitar da ita. Ɗauki hoton farin bango ka buɗe shi sosai ka duba ko akwai ɗigo-ɗigon datti a kan sensa. Akwai shafukan da ake ɗora hoto su faɗi sau nawa kamarar ta taɓa dannawa. Irin wannan an gwada ta ne a kan wajen 100,000, saboda haka wadda ta sha aikin biki da maƙabarta har ta kusa nan, kuɗinta dole ya sauka, ko me mai ita ya rantse. Ka kula da batir da caja, sau da yawa a nan ake musanya na asali da jabu. Haka kuma kamarorin nan marasa suna da ake rubuta wa 4K da 48MP a kwali, ko kallo kada su ishe ka.

Filtar ma ana sayar da gilashin banza da sunanta. Gwajin ba wuya: ka riƙe ta gaban allon kwamfuta, ɓangaren zaren yana wajen idonka, ka murza. Ta gaskiya za ta yi duhu har allon ya kusa ɓacewa. Wadda ba ta canza ba, ajiye masa kayansa. In ka kawo kamarar gida, ka sama mata roba mai murfi da 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi, kuma duk sanda za ka sunkuya kan ruwa, igiyar tana wuyanka.