Kwas ɗin koyon dizain da na saya, da yadda shuɗina ya koma shunayya

Wata uku ke nan da na gama kwas ɗin nan na koyon zane a kwamfuta da tallarsa ta cika mana Facebook, mai darasi 40, wanda ake cewa ko linzamin kwamfuta ba ka iya riƙewa ba za ka fito gwani. Ba sai na kama suna ba, duk mai neman koyon dizain ya ci karo da shi, kuma kun san abin da ake biya. Da a makon farko na rubuta sharhin nan, tauraro biyar zan ba shi har in ƙara da addu'a. Allah ya taimake ni na dakata.

Malamin dai ya iya koyarwa, wannan ba zan ci amanarsa ba. Kafin in fara, ni irin mutanen nan ne da duk launin da ya burge su sai sun zuba shi: ja a nan, kore a can, rubutu rawaya a kan fari, ka rasa inda za ka ajiye idonka. Shi ya fara nuna mini da'irar launuka, ya ce asalinta daga Isaac Newton ne, wanda a shekarun 1660 ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku ya ga ya rarrabu launi-launi, daga baya ya jera su a da'ira. Launukan da ke fuskantar juna a da'irar, shuɗi da ruwan goro, ja da kore, rawaya da shunayya, kishiyoyi ne, in ka jera su kusa da juna kowanne sai ya ɗaga murya. Waɗanda ke maƙwabtaka kuwa zaman lafiya suke yi. Ya kuma ba mu wani ma'auni mai sauƙi: launi ɗaya ya ci kashi 60 na zane, na biyu 30, na uku 10 kawai don jan ido. Da wannan kaɗai zanena ya daina kama da rigimar kasuwa.

Akwai wani darasi da har yanzu ina tuna shi. Ya ajiye murabba'i biyu ruwan toka, ɗaya a kan baƙi, ɗaya a kan fari, ya ce mu faɗi wanda ya fi haske. Da an ba ni rantsuwa zan rantse na kan baƙin ne. Sai ya auna su a gabanmu, lambar launinsu a kwamfuta ɗaya ce, 128, 128, 128, babu bambancin ko ɗigo. Na tsayar da bidiyon na gwada da kaina don ban yarda ba. Haka ya fito. Daga ranar na gane launi ba ya zama shi kaɗai, abin da ke kewaye da shi ne ke gaya wa ido yadda zai gan shi. A daren ranar har yayata na kira ina ba ta labari, kuma daga wannan kiran ne abin ya samo asali.

Yaya tana koyar da yara karatu da lissafi bayan an tashi makaranta, tana son takardar talla da za ta rarraba. Ta ce tunda na zama gwani in yi mata. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na zauna dare uku a kai. Na zaɓi shuɗi tsantsa, irin wanda in ka duba lambarsa ja 0 ne, kore 0, shuɗi 255, mai walƙiya a allon waya kamar an kunna masa fitila a baya. To ashe fitilar ce ma aka kunna masa, amma wannan sai daga baya na sani. Na sa kanun da ruwan goro, kishiyar shuɗin, sauran rubutun fari. Na ajiye shi a PNG, wani nau'in fayil na hoto, kamar yadda malami ya nanata mana a kusan kowane darasi. Yaya ta gani a wayarta ta yi ta sa mini albarka. Muka aika wa mai buga takardu, kwafi 500.

Ranar da na je karɓa, ya ciro daurin ya ajiye mini a kan teburi, na ɗaga ta saman na tsaya. Shuɗin nan babu shi. Wani shunayya ne mai duhu, a mace, kamar tufa da ta sha wanki. Ruwan goron ya dishe. Lambar wayar Yaya da na manna a can ƙasa dab da gefe, wuƙar yanka takarda ta aske mata ƙafafu a wasu kwafin. Tambarin da na ɗauko daga hoton allo kuwa ya yi dishi-dishi, gefensa kamar haƙoran zarto.

Abin da ya fi ci mini rai idan na tuna shi ne yadda na yi wa mutumin nan. Dattijo ne, ya haife ni. Na zaro waya na kara masa a fuska ina cewa, "Baba, dubi abin da na kawo, dubi abin da kuka ba ni. Ko tawadarku ce ta lalace?" Har da ɗaga murya. Bai ce mini uffan ba sai da na gama. Sannan ya ce, "Ɗana, rage hasken wayar nan taka har ƙasa." Na rage. Ya ce, "Ina shuɗin naka?" Ya kusa ɓacewa. Ya ce, "To kai da haske ka yi zane, ni da tawada nake bugawa. Takarda ba ta da fitila a bayanta."

Ya jawo mini kujera, a cikin abin da bai fi rabin awa ba ya koya mini abin da darasi 40 suka tsallake. Allon waya da na kwamfuta da haske uku suke aiki, ja da kore da shuɗi, shi ne ake kira RGB. Kowanne yana tashi daga 0 zuwa 255, in ka ƙure su duka sai ka samu fari, domin haske kake ƙarawa a kan haske. Injin bugawa kuwa tawada huɗu gare shi, CMYK: wani shuɗi mai haske irin na sararin sama, wani ja mai ratsin ruwan hoda, rawaya, sai baƙi. Tawada ba ta ba da haske, shanye shi take yi ta mayar wa ido da ragowar, saboda haka duk yadda ka ƙara ta duhu kake ƙarawa. Akwai launukan da allo ke iya nunawa waɗanda babu yadda za a cakuɗa tawadar nan huɗu su fito, kuma shuɗi tsantsa da kore mai walƙiya suna sahun gaba. Idan fayil ya zo masa a RGB, kwamfuta ce ke laluben mafi kusa, ta zuba shuɗin saman nan da jan nan kusan kai ɗaya, abin da ke fitowa kuwa shunayya ne. Ya ce in ina son shuɗi ya tsaya shuɗi a takarda, in bar tazarar aƙalla 30 tsakanin tawadar biyu, misali C, wato shuɗin, ta zama 100, M, wato jan, ta tsaya a 70.

Sai ya ɗauko wani ɗan gilashin ƙara girma ya ɗora a kan takardata ya ce in leƙa. Wallahi ban taɓa sanin haka abin yake ba. Abin da nake gani launi ɗaya shimfiɗe, ashe ɗige-ɗige ne ƙanana a jere, wasu shuɗi mai haske, wasu ja-ja, ido ne ke haɗa su daga nesa. Na ga jan da idona, ga shi nan birjik, shi ya ja shuɗina zuwa shunayya. Gani ya kori ji. Ya ƙara da cewa hoton da za a buga yana son ɗigo 300 a kowane inci, hoton allo kuwa da ka faɗaɗa shi yake fashewa, kuma ana barin rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙa ba ta faɗawa daidai kan layi, rubutu kuma a janye shi ciki. Na ƙarshe da ya faɗa shi ya ƙarasa ni: PNG ba ya ɗaukar CMYK sam-sam, don allo aka yi shi, aikin bugawa PDF ake kawowa. Kunya ta rufe ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ba shi haƙuri ya fi sau biyar, yana ta cewa ba komai, ba ni ne na farko ba, kusan duk masu koyo a intanet haka suke zuwar masa.

Da na koma gida na buɗe kwas ɗin na bi shi darasi-darasi, ko ni ne na yi barci a wani wuri. Na same shi. Darasi na 37, can wajen ƙarshe, bai cika minti huɗu ba. Ya ambaci harufan CMYK sau ɗaya, ya ce na masu buga takardu ne, in za mu buga mu tuntuɓe su. Shi ke nan. Alhali darasi shida cur ya ɓata a kan ma'anar launuka, wai ja soyayya ne, shuɗi amana, kore arziki, kamar dai duk mutanen duniya abu ɗaya suke ji idan sun ga launi. Wannan surutu ne da kowa zai iya yi. Kuma aikin gwaji na farko da ya ba mu, ku ji fa, fosta ce. Fosta ai bugawa ake yi! A cikin Photoshop, manhajar zanen da yake koyarwa da ita ma, in ka danna Ctrl da Y zai nuna maka kusan yadda launin zai koma a takarda. Maɓalli biyu. Da ya faɗi wannan kaɗai, da na ga shunayyata tun a ɗaki, da kwafi 500 ba su tafi haka ba.

Yaya ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta juya takardar ta ce, "Auta, ai shunayyar ma launi ce." Ta ware waɗanda lambar waya ta tsira ta rarraba, sauran yaranta suna lissafi a bayansu.

Amma kuma, in zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, abin da ya sa takardun suka rarrabu ma daga kwas ɗin na samo shi. Akwai darasin da ya yi a kan bambancin haske da duhu tsakanin rubutu da bangon da yake kai, ya ce ƙa'idar da masu gina shafukan intanet ke bi ita ce ƙananan rubutu su kai 4.5 bisa 1, manya 3 bisa 1. Ya koya mana mu mayar da zane baƙi da fari kafin mu sallame shi, in rubutun ya nitse to launi ne kawai ke riƙe da shi. Ya kuma ja mana kunne kan ɗora ja a kan kore, saboda akwai maza da yawa da ba sa rarrabe su sosai, abin da bai taɓa zuwar mini a rai ba. Na bi wannan sau da ƙafa, shi ya sa ko da launin ya juye, farin rubutun ya tsaya raɗau ana karanta shi daga nesa. Baba ma sai da ya yaba tsarin, ya ce jerin rubutun da tazarar da na bari ba na sabon shiga ba ne. Da na huce na ce to tauraro uku, ko ma huɗu ga wanda aikinsa bai wuce Instagram da WhatsApp ba, domin wanda ba zai taɓa zuwa wurin mai bugawa ba babu abin da zai rasa.

Ina cikin wannan sassaucin ne na tuna maganar tambaya. A tallar sun ce duk ɗalibi zai iya turo aikinsa malami ya duba, ya amsa cikin kwana biyu. Wannan alƙawarin ne ma ya sa na zaɓe su a kan bidiyoyin kyauta da suka cika YouTube. Na tura takardar Yaya kafin mu kai bugu, na rubuta ƙarara cewa bugawa za a yi. Shiru. Bayan abin ya faru na sake turawa har da hoton takardar a gefen wayata, ina tambaya cikin ladabi. Shiru. Na uku na ɗan yi zafi. Sai bayan kwana 19 amsa ta zo, layi biyu: suna taya ni murnar ci gaban da nake samu, kuma batun shirya zane don bugawa yana cikin kwas ɗinsu na gaba, ga inda zan biya. Wato ba mantuwa ba ce. Sun san da ramin, suka bar shi a buɗe, suka tsaya a gaba da igiya ta sayarwa. A nan tauraron ya koma biyu, kuma biyun ma na murabba'in ruwan tokan nan ne da darasin baƙi da fari.

Sauran abubuwa ba laifi, bidiyon na buɗewa, muryar na fita.

Satifiket ɗina ya iso mako biyu da suka wuce, ta imel. Fayil ɗin PNG ne, bangonsa shuɗi mai walƙiya, sunana a tsakiya da ruwan zinare. Na kai wa Baba ya buga mini, don yanzu duk Asabar nakan leƙa in zauna kusa da injinsa in ga yadda yake gyara fayilolin mutane. Ya buɗe, ya kalli allon, ya kalle ni, ya ce, "In gyara maka launin ko in bar shi yadda malaman naka suka aiko?" Na ce ya bar shi. Yana nan rataye a saman teburina, shunayya.