Rabin yini ɗaya tak: kwale-kwalen Bankok ko jirgin Malaka?

Hajiya, kin ce tafiyarku za ta bi ta Bankok, babban birnin Tailan, don sarin kaya a kasuwar Pratunam, daga nan ku wuce Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya wajen ɗanki da ke karatu, kuma rabin yini ɗaya kawai za ki iya warewa don buɗe ido. Kin ga talla biyu, kowanne na alƙawarin kallon zanen bango da yawo a ruwa tare da ɗan jagora, ɗaya a Bankok, ɗaya a garin Malaka na Malesiya, kina tambayar wanne ya fi dacewa da ku, ga Hajiya Babba mai ciwon gwiwa, ga yara biyu.

Yawon Malaka ya fi wa Hajiya Babba sauƙi nesa ba kusa ba, amma daga Kuala Lumpur ba rabin yini ba ne, yini ne cur. Na Bankok rabin yini ne na gaske, sai dai ƙafa da gwiwa ne ke biyan kuɗinsa. Saboda haka kafin ki dubi farashi, ki fara lissafa inda awoyin ke tafiya.

Tsakanin Kuala Lumpur da Malaka kusan kilomita 145 ne, awa biyu a babbar hanya idan babu cunkoso. Jirgin ƙasa ba ya shiga cikin garin. Ko dai ku hau bas daga tashar TBS ta Kuala Lumpur zuwa tashar Melaka Sentral, sannan ku ɗauki tasin Grab da ake kira ta waya zuwa tsohon gari, ko ku ɗauki shatar mota. Zuwa da dawowa sun riga sun ci awa huɗu tun ba ku ga bango ko ɗaya ba, kuma ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutun makaranta, shiga garin daga mahaɗar Ayer Keroh kan zama tafiyar hawainiya. Duk tallan Malaka da ya ce rabin yini, to wanda ya kwana a garin ake nufi.

Da zarar kun isa kuwa, komai a dunƙule yake. Kogin Malaka kogi ne na asali, amma an yi masa ganuwa gefe da gefe, an kuma sa shinge a bakinsa da ke riƙe ruwan teku, don haka a kwance yake ba igiya. Jirgin yana da rufi da kujeru a jere, yana ɗaukar mutum kamar 40, ana shigarsa da taki ɗaya ko biyu, ma'aikata na riƙe hannun tsofaffi. Zagayen kilomita 9 ne zuwa da dawowa, minti 45, daga tashar Muara da ke bakin kogi ko tashar Taman Rempah da ke can sama. Zanen yana jikin bayan gidajen da suka juya wa kogin baya: fuskokin Malayawa da Sinawa da Indiyawa, kayan abinci, furanni, labarin zamanin sarakunan Malaka. Wato Hajiya Babba na zaune, bangon ne ke zuwa ya wuce ta gabanta. Jirgin na bi ta ƙarƙashin gadoji irin su Tan Kim Seng da Chan Koon Cheng, ya wuce Kampung Morten, unguwar gidajen katako na Malayawa masu jan rufi a tsakiyar gari.

Illarsa biyu. Jirgin ba ya tsayawa, bayanin kuma muryar na'ura ce da Malayanci da Turanci, ba mai amsa tambaya. Mai son hoto mai kyau sai ya sauka ya bi hanyar ƙafa da aka shimfiɗa a gaɓa biyu. Sannan mutane na rububin jirgin dare saboda fitilu, alhali da dare launin zanen na dusashewa, layi kuma ya yi tsawo. Ku hau na wajen ƙarfe shida na yamma, rana ta yi sanyi, haske bai tafi ba. Tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada, kuma kamfanoni da dama da ke ɗauko mutane daga Kuala Lumpur ba sa haɗa shi cikin kuɗinsu. Ki tambaya a rubuce.

Ɗan jagora a Malaka amfaninsa a tudu yake, wajen jan ginin Stadthuys da 'yan Holan suka gina wajajen 1650, da cocin 1753 da ke gefensa, da labarin yadda 'yan Fotugal suka ci garin a 1511, 'yan Holan suka ƙwace a 1641, Birtaniya ta karɓa a 1824. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihin duniya a 2008. Duk wannan yana cikin 'yar tazara, kuma akwai kekunan fasinja masu ado da kiɗa ga wanda ƙafa ta gaza.

Bankok wani lamari ne daban, domin zanen yana gaɓar gabas ta kogin Chao Phraya, hanyoyin ruwan kuma suna gaɓar yamma, a Thonburi, wadda ta riƙe babban birnin ƙasar daga 1767 zuwa 1782. Yawo biyu ne aka ɗinke wuri guda, kuma a ɗinkin ne lokaci ke zubewa.

Ɓangaren ƙafa kan fara daga tashar ruwa ta Si Phraya. A lungu na 30 na titin Charoen Krung, a jikin katangar ofishin jakadancin Fotugal, akwai fuskokin da wani ɗan ƙasar mai laƙabin Vhils ya yi a 2017. Ba fenti ba ne, sassaƙe shafen bangon ya yi da kurfi da injin huda, fari da duhun fuskar daga zurfin ramin suke fitowa, sai kin ja da baya kamar taki goma kafin idanun su haɗu. Lungu na 32 dogon bango ne na masu zane da yawa, akasari tun bikin zanen bango na Bukruk na 2016, kodayake rana da damina sun cinye wasu, masu sayar da abinci kuma kan kafa rumfa a gabansu da rana. Daga nan a shiga Talat Noi, tsohuwar unguwar Sinawa ta masu gwangwanin mota, kamar ki ce Fanteka ta Kaduna: tulin giya-bos da injuna har bakin ƙofa, ƙasa duk baƙin mai, zane na leƙowa tsakanin tulin ƙarfe. Yara za su so wurin. Amma lungunan matsattsu ne, babura na ratsawa, wurin zama ya yi ƙaranci, kuma tafiyar ta kai kilomita biyu idan an bi duka. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 35 da gumi mai danƙo, bayan ƙarfe goma na safe Hajiya Babba ba za ta ji daɗinsa ba.

Sai kwale-kwalen. Dogo ne siriri, an ɗora masa injin mota a baya da doguwar sandar farfela, direba na juya injin gaba ɗaya don ya karya kwana. Ƙararsa ba ta barin a ji ɗan jagora sai an rage gudu. Wurin da nake jin tsoro shi ne shiga. Dandamalin tashar yana shawagi, kwale-kwalen yana ƙasa da shi, manyan jirage na wucewa suna tayar da igiya, don haka abu biyu ne ke rawa a lokaci guda. Mutum biyu su riƙe ta, ɗaya a sama ɗaya a ciki, ta taka tsakiyar jirgin ba gefensa ba, a tattare mayafi da zani tukuna, a miƙa jakunkuna daga baya. Bencin gajere ne, gwiwa na naɗe tsawon tafiyar. A nemi rigar kariya daidai jikin yara kafin a tashi, domin sau da yawa ta manya kaɗai ke ciki. Kujerun tsakiya sun fi: gaba na shan feshin ruwa, baya na shan hayaƙi.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne ƙofofin ruwa. Bakin hanyoyin ruwan Khlong Bangkok Yai da Khlong Mon suna da ƙofa mai hana kogi malalowa cikin unguwa. Kwale-kwale kan shiga tsakanin ƙofa biyu, a rufe, a daidaita ruwa, a buɗe. Jiran kan iya cin kwata na awa a shiga, haka a fita. Wanda ya sayi awa ɗaya, rabinta ya tafi a kogi da bakin ƙofa. Ku ɗauki awa ɗaya da rabi ko biyu. A watannin Oktoba da Nuwamba da ruwa ke cika, akan rufe wasu ƙofofin a sauya hanya.

Bayan ƙofar kuwa sai gari ya canza. Gidajen katako a kan dirkoki, shanya a baranda, guza na shan hantsi a kan matakala, tarwaɗa na cincirindo gaban wuraren bauta don burodin da ake jefa musu. Wannan rayuwar ce Malaka ba ta da ita, can an gyara gaɓar don baƙi ne. Mata masu ƙananan kwale-kwale za su matso da lemo da tsaraba, su ce ki saya wa direba giya. Ki ce a'a, ki ba shi ruwa ko tukuici a hannu.

Ki kuma tantance irin zanen da kamfanin ke nufi. Wasu yawon na Bankok zanen cikin wuraren bautar 'yan Buda suke kai mutane, irin na Wat Suwannaram, inda ake cire takalmi a shiga ɗakin gunki, da yawa kuma na tsayawa a Wat Paknam mai mutum-mutumin Buda na mita 69 da aka kammala a 2021. Idan ba kwa son shiga, ku faɗa tun wajen biyan kuɗi, a musanya da masallacin Ton Son da ke bakin Khlong Bangkok Yai, wanda ya girmi birnin Bankok kansa, ko gidan masu zane na Baan Silapin. Wannan canjin sai da shatar kwale-kwale na kanku. A yawon taro, inda aka tsara nan za a tsaya. Ku biyar ko huɗu ne, kuɗin shata a kan jirgi ake yankewa ba a kan kai ba, don haka bambancin ba shi da yawa. Ku tabbatar da wannan da baki da yatsa kafin a kunna inji. Kada ku bi mai tuk-tuk, wato a-daidaita-sahun can, da ya tare ku ya ce fadar sarki a rufe take, zai kai ku jirgi mai araha: tashar 'yan kamasho ce, da ratse shagon tela ko na duwatsun ado.

Sallah da abinci sun fi sauƙi a Malaka. Masallacin Kampung Hulu na 1728 da na Kampung Kling na 1748 duk 'yan mintuna ne daga kogi. Ki lura agogon Malesiya na gaba da rana, Azahar kan shiga bayan ƙarfe ɗaya, Magariba bayan bakwai, a Bankok kuma Azahar sha biyu da 'yan mintuna ce. Can ma akwai masallacin Haroon a lungu na 36 na Charoen Krung, daf da inda ake fara yawon, da masu abincin halal a kewayensa. Talat Noi da titin Jonker na Malaka duka unguwannin Sinawa ne, naman alade da kitsensa sun yawaita har a abincin da ba a zato. A Tailan ki nemi koren tambarin halal mai kusurwa huɗu, a Malesiya tambarin JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar.

Kina Pratunam za a ce miki ai ga jirgin Saen Saep nan a bayanku, kuɗinsa 'yan baht (kuɗin Tailan) kaɗan, ya sauke ki Hua Chang kusa da filin zane na Chalerm La. Gaskiya ne, amma jirgin ma'aikata ne, tsayawarsa daƙiƙu ce, ana tsallakawa ne, ruwan kuma ƙazantacce. Ba na tsohuwa ba ne, ba na yara ba.

A ganina, ki nemo yini guda ki ba Malaka, tunda ga ɗanki zai yi muku jagoran hanya: ku tashi da hantsi ranar Talata ko Laraba, ku yi Azahar da La'asar a can, jirgi da yamma, ku kamo hanya bayan Magariba. Idan rabin yinin ba ya motsuwa, to Bankok, amma ku juya tsarin. Ku bar otal ƙarfe bakwai kafin titi ya cushe, ku yi lungu na 30 da na 32 da sanyin safiya, Hajiya Babba ta zauna a inuwa dab da tashar yayin da ke da yara kuka leƙa Talat Noi na minti 40, kwale-kwale ƙarfe tara da rabi, ku sauka kafin sha biyu ku yi Azahar a Haroon.