Yadda ake cinikin gida a Landan

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Da yawa daga cikinku kun sha tambayata ko sayen gida a Landan ya fi na Kano sauƙi, tun da an ce ƙasa ce mai tsari. Gaskiyar magana ita ce, abin da yake hana mai saye barci a wajenmu daban ne da abin da yake hana na nan.

A Kano babbar fargabar mai saye ita ce takarda: ko filin na gado ne da ba a gama rabawa ba, ko an riga an sayar wa wani, ko kuwa awon igiya ne da wata rana za a wayi gari an shafa masa jan fenti. A Ingila wannan fargabar kusan babu ita, domin akwai hukumar rajistar filaye da gidaje da aka kafa tun 1862, kuma da 'yan fam kaɗan kowa zai iya shiga intanet ya ga sunan mai gida, har da bankin da yake binsa bashi a kan gidan. Kuɗin da aka sayi gidan maƙwabci ma ba sirri ba ne, saboda haka da wuya dillali ya yi maka kwana-kwana a kan farashi. La'ada kuwa mai sayarwa ne kaɗai yake biya, galibi kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari.

Inda na ga mun fi su nesa ba kusa ba shi ne nauyin magana. A gida idan an taya, mai gida ya ce ya sallama a gaban shaidu, aka ba da kafin alƙalami, aka shafa fatiha, to janyewa ta zama abin kunyar da mutum zai daɗe bai wanke kansa ba a unguwa. A nan amincewa da tayi ba ta ɗaure kowa har sai ranar da lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya, mai saye ya ajiye kashi 10 cikin ɗari bisa al'ada, kuma kafin a kai wannan ranar akan kwashe watanni. Na ga wani ɗan'uwanmu direban bas wanda ya biya lauya, ya biya masanin gini ya duba rufi da danshin bango, matarsa har ta cika kwalaye da kayan kicin ta jera a falo, sai dillali ya bugo waya cewa wani ya ƙara kuɗi, an ba shi gidan. Ko sisi ba a mayar masa ba, kuma doka ba ta ga laifin kowa ba. Mu da muka taso da sanin cewa an hana mutum yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, wannan abu yana yi mana ciwo ƙwarai.

Sai kuma gidajen bene masu hawa-hawa, waɗanda mafi yawansu ba mallaka ta har abada ake saye ba, izinin zama ne na shekara 99, ko 125, ko 999, tare da kuɗin kula da gini da ake biya duk shekara. Wannan ya ɗan yi kama da takardar mallaka ta shekara 99 da gwamna yake bayarwa a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, sai dai a nan shekarun suna da tasiri a kasuwa, domin da zarar sun yi ƙasa da 80 darajar gidan takan faɗi, bankuna kuma su fara ja da baya.

Matsakaicin gida a Landan ya haura fam dubu 500, don haka kusan babu mai albashin da zai saya kuɗi hannu, balle ya sayi fuloti ya riƙa ɗora bulo sannu a hankali kamar yadda muke yi. Bashin banki ake ci na shekara 25 ko fiye, da kuɗin ruwa. Musulmin da yake gudun riba yakan nufi bankuna irin su Gatehouse, inda banki zai haɗa hannu da shi su sayi gidan, yana biyan haya a kan kason bankin yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har gidan ya zama nasa. Wannan hanyar takan fi tsada, masu bayar da ita kuma 'yan ƙalilan ne, shi ya sa da yawa daga cikinmu suke ci gaba da zaman haya a nan suna aika kuɗin gini gida.