Manhajar Odoo a gidan ɗab'i: abin da ta ɗauke mana da abin da ta bar mana

Wannan sharhi ne a kan manhajar Odoo kamar yadda muke amfani da ita a wata matsakaiciyar maɗaba'a da nake jagoranta a Garwa, a arewacin Kamaru, inda muke da injin ofset ƙirar Heidelberg GTO 52, da injinan bugu na zamani masu karɓar aiki kai tsaye daga kwamfuta, da injin buga manyan tallace-tallace, da na yankan takarda. Hukuncina shi ne manhaja ce mai ƙarfi wajen tsare sito da bin bashi da fitar da takardar neman biya, amma ba ta san sana'ar ɗab'i ba, kuma duk wanda ya ɗauke ta yana zaton za ta yanke masa farashin aiki da kanta zai sha mamaki.

Abin da ya sa muka nemi manhaja tun farko sananne ne ga kowane mai maɗaba'a. Aikinmu yana zuwa ne a dunƙule, domin kafin komawa makaranta a watan Satumba ana cika mu da katin sakamakon ɗalibai da rajistar aji, a ƙarshen shekara kuma kalanda, sannan ga katin biki da littafin rasit da ba sa yankewa. A irin wannan lokaci littafin karɓar aiki yana hannun wani, littafin sito yana hannun wani, lissafin kuɗi kuma yana cikin Excel a kwamfutar akanta, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ke gaya wa ɗan'uwansa gaskiya a kan lokaci. Sai a karɓi aikin kalanda a yi alkawarin mako guda, alhali takardar da za a buga shi a kanta ta ƙare tun kwanaki.

Mun duba hanyoyi da dama kafin mu tsaya. Sage 100 ita ce akantocin ƙasashen da ke amfani da Faransanci suka fi sabawa da ita, kuma a fannin lissafi babu abin da za a ce mata, sai dai mu ɗakin inji da sito ne suka fi damunmu. Dolibarr kyauta ce kuma tana da sauƙin koyo, ta kuma ishi ƙaramin shago mai buga katin biki da kwafin takardu, amma mun ga za ta yi mana kaɗan idan aiki ya ƙaru. Akwai kuma manhajojin da aka gina domin masu ɗab'i kaɗai, irin su PrintVis da ke tafiya a kan Business Central na kamfanin Microsoft, waɗanda suka san lissafin takarda da faranti (fallen ƙarfe mai ɗauke da hoton aiki da ake ɗora wa injin ofset) tun daga tushe. Waɗannan su ne suka fi dacewa da sana'ar, amma kuɗinsu da nisan masu gyara su daga arewacin Kamaru sun sa muka haƙura. Odoo ta kamfani ce da ke ƙasar Beljiyam, Fabien Pinckaers ya fara ta a 2005 da sunan TinyERP, ta koma OpenERP, sannan ta ɗauki sunanta na yanzu a 2014, kuma abin da ya ja hankalinmu gare ta shi ne ana samun matasan da suka iya ta a Duwala da Yawunde.

Tana zuwa ne kashi biyu. Akwai Community, wadda ba a biyan kuɗin lasisinta, akwai kuma Enterprise, wadda ake biya bisa yawan masu amfani da ita, kuma a cikinta ne cikakken sashen akanta yake. Haka kuma mutum zai iya barin bayanansa a kwamfutocin kamfanin ta intanet, ko ya ajiye su a kwamfutarsa. Mun zaɓi Community a kan babbar kwamfuta ɗaya da ke ofishinmu, sauran kwamfutocin suna haɗe da ita ta waya, kuma har yanzu ina ganin wannan ne daidai ga mai aiki a Garwa ko Marwa ko Njamena. Idan intanet ta yanke, teburin karɓar aiki ba ya tsayawa. Sannan tsarin Odoo Online, wanda ake barin bayanai a kwamfutocin kamfanin, ba ya karɓar ƙarin sassan da mutum ya sa aka rubuta masa da harshen kwamfuta na Python, mu kuwa ba za mu iya aiki ba sai da irin wannan ƙari. Nauyin da ke biye da wannan zaɓi shi ne kula da kwamfutar ya koma kanmu. Zafin watan Maris da Afrilu a Garwa yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, wutar lantarki kuma tana raguwa idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, don haka dole ne a tanadi batir mai riƙe wuta da ɗaki mai sanyi, a kuma kwafe bayanan kullum zuwa wani wuri da ba cikin ginin ba.

Babban giɓin manhajar yana wajen kiyasin farashi, wanda shi ne zuciyar wannan sana'a. Odoo ta saba da ɗan kasuwa mai sayen kaya ya sayar, ko masana'anta mai ƙera abu iri ɗaya sau dubu, alhali a maɗaba'a kusan kowane aiki sabo ne. A ɗauki misalin wanda ya zo yana son takardun talla 5,000 girman A5, masu launi huɗu a fuska ɗaya. Babbar takarda mai santimita 65 da 92 ana yanka ta gida huɗu domin ta shiga GTO 52, wanda iyakarsa santimita 36 da 52 ne, kowane yanki kuma yana ɗaukar talla huɗu. Ke nan injin zai ja takarda 1,250, wato manyan takardu 313, kafin a ƙara waɗanda za su lalace wajen daidaita launi da saita faranti. Sai a lissafa faranti huɗu, da tawada, da lokacin inji, da yanka, da ɗauri. Idan mutumin ya ce a mayar da shi 10,000, kuɗin takarda ne zai ninka, na faranti da na saita inji suna nan yadda suke, shi ya sa farashin kowace ɗaya yake sauka. Idan kuma ya ƙara santimita biyu a faɗin tallan, mai yiwuwa huɗu ba za su ƙara shiga yanki ɗaya ba, lissafin duka ya rushe. Tsohon ma'aikacin ɗab'i yana yin wannan a kansa yana tsaye, amma Odoo yadda take zuwa ba ta da wurin da za a tambaye ta takarda nawa za ta fita daga babbar takarda.

Mun cike giɓin ne ta hanyar sa wani masani ya rubuta mana ƙaramin sashe da ke karɓar girman aiki da yawansa da nauyin takarda da adadin launi, ya fitar da takardar da za a ci da farashi. Rubutun bai ba shi wahala ba. Abin da ya ci lokaci shi ne zaunar da shugaban ɗakin inji da mai yanka da mai ɗauri, a fitar da abin da ke kansu a rubuta shi: takarda nawa ke lalacewa a aiki mai launi ɗaya, nawa a mai launi huɗu, awa nawa littafin rasit mai kwafi uku ke ci daga bugu zuwa sa lamba. A ganina wannan zama ya fi manhajar kanta amfani, domin a nan ne muka gano cewa wasu ƙananan ayyuka da muke karɓa da murna ba sa mayar da kuɗin farantinsu. Duk mai girka manhaja da ya ce zai gama muku aiki ba tare da ya shiga ɗakin inji ya ga yadda ake ɗora faranti ba, kada ku ba shi kwangilar.

A sito kuwa manhajar ta yi abin yabo. Tana ba da damar a sayi takarda da rim a riƙa fitar da ita ɗaiɗai, ta san rim ɗaya takarda 500 ne, kuma ana iya gaya mata cewa wani nau'in kwali yana zuwa a ƙunshi mai ƙarancin haka. Kowace takarda tana da sunanta da girmanta da nauyinta, mai giram 80 daban, mai sheƙi ta giram 135 daban. Ana sa mata mafi ƙarancin adadin da bai kamata kaya ya sauka ƙasa da shi ba, da kwanakin da mai kawo kaya ke ɗauka, sai ta nuna lokacin yin oda. Ga wanda takardarsa ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, ta hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundere, sannan ta gangaro Garwa, wannan gargaɗi shi ne bambanci tsakanin cika alkawari da saɓa shi. Sharaɗin dai shi ne kada takarda ko ɗaya ta fita sito ba tare da lambar aiki ba, kuma wannan doka ce da mai gida ne kaɗai zai iya tsayawa a kanta.

Haka take wajen kuɗi. Idan mai aiki ya amince da farashi, ana fitar masa da takardar kuɗin kafin alƙalami, ko kaso cikin ɗari ko adadi tsayayye, ciko kuma ya rage a rubuce da sunansa har ranar da zai karɓi kayansa. Mun buɗe wa Orange Money da MTN MoMo littafi daban da na tsabar kuɗi da na banki, ana shigar da kowane biya da hannu, abin da ke buƙatar natsuwa da yamma amma ya kawo ƙarshen gardamar wanda ya ce ya tura kuɗi ta waya.

A fannin haraji sai a yi hattara. Kamaru da Chadi duk suna bin tsarin lissafi na SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a Janairun 2018, kuma Odoo tana zuwa da jadawalin asusun wannan tsari. Sa harajin TVA, wanda ake ƙarawa a kan farashin kaya, na kashi 19.25 cikin ɗari, da lambar NIU ta shaidar mai biyan haraji a kan takardar neman biya abu ne mai sauƙi. Inda ake buƙatar akanta ya zauna da mai girkawa shi ne harajin da ofisoshin gwamnati da wasu manyan kamfanoni ke cirewa tun kafin su biya, domin idan ba a tsara wannan ba, manhajar za ta ci gaba da nuna suna da sauran bashi alhali sun gama biya. Community kuma ba ta da cikakkun rahotannin akanta. Mun ɗora sassan kyauta na OCA, ƙungiyar masu amfani da Odoo, domin samun jerin tsofaffin basussuka da babban littafin asusu, amma takardun DSF, wato bayanin lissafi da ake miƙa wa hukumar haraji a ƙarshen shekara, har yanzu akantanmu a waje yake haɗa su daga alƙaluman da ya ciro. Maɗaba'ar da yawancin aikinta na gwamnati ne ya kamata ta auna kuɗin Enterprise da gaske.

Ma'aikata sun karɓe ta ne saboda ba mu ɗora musu komai a rana ɗaya ba. Teburin karɓar aiki ne ya fara, sito ya biyo baya bayan an ƙirga kayan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ɗakin inji ya zo ƙarshe. Allon yana magana da Faransanci, wasu daga cikin ƙwararrun masu injinmu kuwa da Hausa da Fulatanci suka koyi sana'ar, saboda haka ba mu tilasta musu zama gaban kwamfuta ba. Ana buga musu takardar aiki mai lamba da girma da launi da ranar bayarwa, tana bin aikin daga faranti zuwa ɗauri, mutum ɗaya ne ke shigar da abin da aka gama.

Sauran abin da mai saye zai sani shi ne kamfanin yana fitar da sabon zubi kowace shekara, kuma sashen da aka rubuta wa mutum na musamman ba ya bin sabon zubin da kansa, sai an sake gyara shi an biya. Don haka a rubuta a cikin yarjejeniya cewa rubutun sashen kiyasi da kalmomin sirri na babbar kwamfuta mallakar maɗaba'a ne, a kuma karɓe su a hannu kafin a biya mai girkawa cikon kuɗinsa.