Sharhi: Mitar gwajin wuta a hannun mai tsohuwar mota

Mitar da nake magana a kanta ƙarama ce, irin mai nuna lambobi a fuska, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Na saye ta ne saboda Basuwajata ƙirar kunkuru ta 1969, wadda batirinta ke sauka duk da cewa jar fitilar caji tana mutuwa da zarar inji ya tashi. Shawarwari kuwa sun yi yawa: wannan ya ce batir, wancan ya ce dinamo, wani ya ce a canza katawut, wato na'urar da ke daidaita cajin batir. Kowanne kuɗi ne, kuma babu wanda ya auna komai.

Aikin farko mai sauƙi ne. Batir mai volt 12 idan ya cika kuma ya huta, yana nuna kusan 12.6. Idan inji na aiki aka ɗan taka totur, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Nawa bai wuce 12.9 ba. A nan sai an yi hattara, domin dinamo ba kamar altaneta mai cajin batir a motocin zamani ba ne, ba ya ba da wutar kirki idan inji na silo. Wanda ya auna a silo kaɗai zai ɗora wa lafiyayyen dinamo laifi.

Na duba fambel, da ƙarfinsa. A wannan motar fambel ba abin wasa ba ne, shi ke juya dinamo da fankar da ke sanyaya inji a lokaci guda, shi ya sa idan jar fitila ta kama a kan hanya, tsayawa ake yi nan take. Buroshin dinamo ma, wato 'yan gawayin da ke ɗaukar wuta a cikinsa, ba su cinye ba.

Inda mitar ta burge ni shi ne auna wutar da ke zirarewa a hanya. Na kunna fitilun gaba, inji na aiki, na ɗora waya ɗaya a jikin dinamo, ɗayar a kan batir na negatif. Kamata ya yi a ga abin da bai wuce volt 0.2 ba, ni kuwa na ga kusan volt guda. Ashe wayar nan mai faɗi da ke haɗa giyabos da gangar jikin mota ce tsatsa da dattin mai suka cinye bakinta. A ido lafiyarta lau. Da na kwance ta na goge wurin har ƙarfe ya yi haske, na ɗaure tamau, sai batir ya koma karɓar 14.1. Wannan gwajin ido ba ya yin sa, ɗan kwan fitilar gwaji ma ba ya yi, domin zai kama ko da wutar rabi ce.

Amma tana da nata rauni. Lambobin suna tsalle idan wayoyinta suka kusanci kwayil ko wayoyin fulogi, sai an janye su gefe kafin su natsu, abin da mita mai allura ba ta cika yi ba. Ramin auna amfiya iyakarsa 10, alhali dinamon motar yana iya ba da 30, don haka kada ma a gwada, fis ɗinta zai ƙone. Fuskarta ba ta da haske, ga shi batirin kunkuru a ƙarƙashin kujerar baya yake, cikin duhu. Abin da ya fi damuna shi ne wayoyin gajeru ne kuma ba su zo da maƙalai ba. Mutum ɗaya ba zai riƙe waya biyu kuma ya taka totur ba. Duk mai niyyar saye, ya haɗa da maƙalai masu haƙora da ƙarin doguwar waya tun ranar farko.