PostgreSQL za ka fara da shi, Oracle ya jira tukuna

Ƙanina mai tambayar ko PL/SQL na Oracle zai fara koya ko PL/pgSQL na PostgreSQL, wato harsunan rubuta kodi a cikin waɗannan ma'ajiyoyin bayanai guda biyu, ga tawa nan: ka sauke PostgreSQL yau ɗin nan kafin ka kwanta. Dukkansu biyun na taɓa, ɗaya har gobe yana mana aiki a shagon Goggona a kasuwar Nima, ɗayan kuwa duk sanda na tuna kuɗin da na zuba wa wani mai koyarwa a kansa sai in ji cikina ya murɗa.

Goggo shinkafa take sayarwa buhu-buhu, da mai jarka-jarka, sukari, tumatirin gwangwani, kuma kusan rabin cinikinta bashi ne, masu waakye da masu tuwo su ɗauka su dafa su sayar, ranar Laraba da kasuwa ke ci su kawo abin da ya samu. Littafin bashin nan guda uku ne, ɗaya ma manja ya zube masa, sunaye sun jiƙe har ba ka iya bambanta bakwai da tara. Na ɗauko wata tsohuwar kwamfutar tebur na girka mata PostgreSQL, na yi tebur na masu saye, na bashi, na biya. Da farko SQL zalla ya ishe ni, nawa ake bin wance, wa ya fi daɗewa bai biya ba, duk SELECT ne da SUM. Inda ya tsaya mini shi ne wajen karɓar kuɗi. Mace ce ana binta bashi uku, na wancan watan, na makon jiya, da na shekaranjiya, sai ta kawo sidi 500, ƙa'idar Goggo kuma a fara kashe tsohon bashi, abin da ya yi saura ya gangara kan na biye da shi, a yi ta yi har kuɗin ya ƙare. Wannan aiki ne na mataki-mataki, kana buƙatar wurin riƙe sauran kuɗin a hannu, da zagaye, da sharaɗin tsayawa. Ga cikin fankshan ɗin da na rubuta, shi ne abu na farko da na yi da PL/pgSQL wanda ba atisaye ba:

FOR b IN SELECT * FROM bashi
    WHERE mai_saye = wa AND saura > 0
    ORDER BY rana FOR UPDATE
LOOP
    cire := least(kudi, b.saura);
    UPDATE bashi SET saura = saura - cire WHERE id = b.id;
    kudi := kudi - cire;
    EXIT WHEN kudi = 0;
END LOOP;

Shi ke nan fa. Ka karanta shi kamar kana zaune kusa da Goggo tana lissafi da baki: jero basussukan wance daga mafi tsufa, cire duk wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin hannu da bashin, rage nan rage can, in hannu ya koma sifili a tashi. FOR UPDATE ɗin can kulle layukan yake yi don kar wani ya taɓa su kafin ka gama. Kuma don Allah kuɗi da numeric ake ajiye shi, ka sa float wata rana za ka ga fesuwa tana ɓata ba ka san inda ta bi ba.

Ranar da abin ya shiga raina wata Laraba ce shago ya cika, yaron shago ya danna biyan wata mai waakye, kafin allo ya nuna komai sai ɗif, dumsor, an ɗauke wuta, kwamfutar kuma ba ta da batir ko na minti ɗaya. Zuciyata ta tsinke don na ɗauka an rage bashi na farko an bar na biyu a rataye, kuma ka san matan kasuwa, sidi ɗaya ya ɓata sai an kwana ana magana. Da wuta ta dawo na duba, babu abin da ya motsa, basussukan uku suna nan yadda suke, muka sake danna biyan ya shiga lafiya. Dalili shi ne duk abin da fankshan ya yi a ɗauri ɗaya yake tafiya, ko ya shiga gaba ɗaya ko ko ɗaya bai shiga ba, kuma ma'ajiyar tana rubuta kowane canji a wani kundi nata kafin ta taɓa ainihin teburin, in ta farka sai ta bi kundin ta ɗauki abin da aka kammala ta watsar da rabi-rabi. Na sha karanta wannan a takarda, amma sai ranar ya zauna mini a kai.

Sai tiriga, wato kodin da ke tashi da kansa idan an sa layi ko an canza shi, kamar kunamar bindiga. Yaron shagon nan yana da taushin zuciya, abokansa na unguwa su zo su yi masa daɗin baki ya ba su kaya bashi a kan bashi. Na rubuta tiriga da ke haɗa jimillar abin da ake bin mutum kafin a karɓi sabon bashi, in ta wuce iyakar da Goggo ta yanka wa mutumin sai RAISE EXCEPTION ya fito da saƙo: "Hajiya ta ce a biya na baya tukuna." Yanzu juya musu allon kawai yake yi ya ce ku gani da idonku, ba ni ba ne. Goggo har yau cewa take akwai aljanin kirki a cikin akwatin nan.

Na yi shirme ma, kar ka ɗauka komai sumul ya tafi. A PL/pgSQL idan ka yi SELECT INTO kuma babu layin da ya dace, ba ya yi maka ihu, NULL, wato babu ƙima, yake zuba maka ya wuce abinsa. Na yi kuskuren lambar mai saye, iyakar bashi ta dawo NULL, sharaɗina na "in ya wuce iyaka" bai taɓa zama gaskiya ba, bashi ya shige ta gaban tirigar tana kallo. Kwana biyu ina nema kafin na gane kalma ɗaya ce maganin, INTO STRICT. Haka kuma da daɗin LOOP ya kwashe ni na koma komai da zagaye nake yi, har ƙarin farashi sai na bi kaya ɗaya bayan ɗaya, alhali UPDATE guda ya gama aikin kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba. Na kuma taɓa rubuta tiriga mai layi goma don hana sauran kaya sauka ƙasa da sifili, daga baya na ga CHECK na rabin layi yake yin wannan. Duk wanda ya fito daga Python ko PHP sai ya faɗa ramin nan, hannunsa ya saba da zagaye.

To Oracle fa. Ba zan ce ba shi da kyau ba, in na faɗi haka na yi ƙarya, manyan bankuna da kamfanonin waya a duniya sun daɗe a kansa kuma wanda ya iya shi sosai ba ya rasa abin yi. Shi ne ma babba, PL/SQL daga harshen Ada ya ɗauko siffarsa, tun Oracle 7 a 1992 ake ajiye firosija, wato kodin da ake kira da sunansa kamar fankshan, a cikin ma'ajiya, shi kuwa PL/pgSQL sai 1998 ya fito, kuma da gangan aka yi shi ya yi kama da na Oracle. Wannan kamanceceniyar ita ce ta sa nake ce maka kar ka damu: DECLARE, BEGIN, EXCEPTION, END, IF da ELSIF, LOOP, %TYPE, %ROWTYPE, har := na zuba ƙima, duk iri ɗaya ne. Bambancin da za ka ci karo da shi bai taka kara ya karya ba. A can DBMS_OUTPUT.PUT_LINE ake bugawa a ga saƙo kuma sai ka kunna SET SERVEROUTPUT ON ko ka yi ta kallon allo fayau, a nan RAISE NOTICE ne kawai. A can SELECT INTO da bai sami komai ba NO_DATA_FOUND yake jefo maka, wanda gaskiya da ya cece ni daga wahalar kwana biyun nan, wannan kam na ba su. A can rubutu fanko da NULL abu ɗaya ne, a nan daban-daban. Suna da PACKAGE na tattara fankshan da firosija a jaka ɗaya, PostgreSQL ba shi da shi, da SCHEMA ake maleji. A cikin littafin jagorar PostgreSQL ma, a babin PL/pgSQL, akwai sashe guda da aka ware don mai ƙaura daga PL/SQL, ka karanta shi ta baya ya zama jagorar mai tafiya Oracle. Akwai Oracle na kyauta, XE, iyakarsa gigabait 12 na bayanai da gigabait 2 na RAM, wannan ya ishi mai koyo har ya yi yawa, amma ya fi nauyin saukewa da girkawa, kuma kai da ka ce da laftof ɗin makaranta kake aiki da datar waya, ka san me nake nufi. Live SQL nasu kuma a burauza yake, ba girkawa, sai dai ba intanet ba karatu.

MySQL ya sami firosija a 2005, yana yi, amma rigimar DELIMITER kaɗai ta isa ta sa sabon shiga ya tsani abin. T-SQL na SQL Server salonsa daban ne, komai da @ a gaba, ka bar shi sai wurin aiki ya nema.

Ba ka tambaye ni wannan ba amma sai na faɗa, don ni an ci ni. Lokacin da nake zumuɗin Oracle wani ya tallata kos na wata uku, wai har da satifiket da alkawarin kai mu banki aiki, na biya rabi ta MoMo. Ɗaki ne ɗaya a saman bene, kwamfuta huɗu mu goma sha wani abu, malamin bidiyon wasu yake kunna mana ya fita amsa waya, sati na biyar muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa, lambarsa kuma har yau "a kashe take". Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne filashin da ya sayar mana daban, wai cikakken Oracle ne da aka fasa, ashe XE ɗin nan ne da kowa ke saukewa kyauta a shafin kamfanin. Saboda haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ba ka PostgreSQL, ko pgAdmin, ko DBeaver na gama-gari, ko SQL Developer, ɓarawo ne da rana tsaka, kyauta suke. Masu sayar da wai tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu ma ka guje su, rabin amsoshin kuskure ne, kuma ko ka haye da su ranar intabiyu aka ce rubuta tiriga a allo za ka tsaya kana zare ido. Jarrabawar gaske tana da lamba, ta SQL 1Z0-071, ta PL/SQL 1Z0-149, kuma ta shafin Oracle ake rajista, ba ta hannun wani mai cewa yana da ɗan'uwa a ciki ba. Satifiket ɗin da aka buga a shagon fotokwafi da hatimi mai ruwan gwal ko ƙosai ba za a naɗe maka da shi ba.

In kuma har laftof za ka canza, ka je wajen masu sayar da kwamfuta na Circle a nan Accra da wanda ya san kan abin. Kar ka yarda da sitikar da ke manne a jiki, sitika a aljihu suke yawo da ita. Ka kunna da hannunka ka shiga ka ga ainihin injin da yawan RAM, ka tabbata SSD ce a ciki, ka zare caja ka zauna minti ashirin kana kallon batir ko da mai shagon yana haɗe rai. RAM gigabait 8 ta wadatar, PostgreSQL ma da 4 yana tafiya ba ya ƙorafi.

Yadda zan so ka bi shi: ka tabbata JOIN da GROUP BY sun zauna maka tukuna, in ba haka ba LOOP za ka riƙa rufe ramin da shi. Daga nan ka yi wasa da DO $$ ... $$ a psql, manhajar buga umarni ta PostgreSQL, wannan kodi ne na yi-ka-watsar ba sai ka ajiye fankshan ba, ka gwada IF da zagaye da RAISE NOTICE har hannu ya faɗa. Sai fankshan mai dawo da ƙima ɗaya, sai mai dawo da tebur, sai EXCEPTION, sai tiriga. CREATE PROCEDURE da CALL sun shigo ne a PostgreSQL 11 a 2018, amfaninsu shi ne kana iya COMMIT a tsakiyar aiki, ka bar su ƙarshe, kuma in ka ga tsohon darasi yana cewa PostgreSQL ba shi da firosija ka san kafin lokacin aka rubuta shi. Kuma ka nemi bayanai na gaske ka yi aiki a kansu, littafin adashin mamanka, kuɗin makarantar Islamiyyar unguwarku, lissafin mai trotro da ɗan kwandastansa, ko menene, muddin akwai wanda zai zo ya tsare ka in lissafi bai fita ba. Teburin ma'aikata na ƙarya da ke cikin darussa ba wanda zai biyo ka a kansa, shi ya sa ba ya zama a kai.

Asabar bayan la'asar ina shagon Goggo, in Nima ba ta yi maka nisa ba ka hau mota ka zo da laftof ɗin mu girka tare, in nuna maka fankshan ɗin gaba ɗaya. Ka cika batir tun daga gida, soket ɗaya ne a shagon kuma firij ne a kai.